Yadda Lauya Yake Shirya wa Ƙaramar Hukuma Shawarar da Za Ta Tsaya a Kotu

Ƙaramar hukuma takan faɗi a kotu ko da abin da ta yi niyya mai kyau ne, domin alƙali ba ya tambayar ko matakin ya yi daidai da ra'ayinsa. Abin da yake dubawa shi ne ko hukumar tana da hurumin yin abin, ko ta bi hanyar da doka ta shimfiɗa, da kuma ko akwai takardar da ta nuna an bi wannan hanya. Aikin lauyan hukuma shi ne ya tabbatar da waɗannan uku kafin kowa ya sa hannu. Na rubuta wannan bayani ne domin sabon lauya da aka miƙa wa fayil a karon farko, ko na izinin gini, ko na korar ma'aikaci, ko na zaman kansiloli. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, har daga jiha zuwa jiha, saboda haka misalan da zan kawo na nuna hanya ne, dokar wurin da kake aiki ita ce za ka dogara da ita.

Abubuwan da za ka tanada

Ka fara da tsarin mulkin ƙasa da dokar da ta kafa ƙananan hukumomi, tare da duk gyare-gyaren da aka yi mata. Ka duba kwanan watan bugun da ke hannunka, domin ofisoshi da yawa suna ajiye tsohon bugu a kan tebur alhali an daɗe da canja sashen da ake magana a kai. Bayan su sai dokokin da ita kanta hukumar ta kafa, da hujjar cewa an amince da su kuma an buga su a gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati, inda doka ta buƙaci haka, da ƙa'idojin zaman majalisar kansiloli.

Idan batun fili ne, kana buƙatar dokar tsara birane, da taswirar da ta raba gari shiyya-shiyya, da zanen safiyo na filin, da fayil ɗin mai neman izini tun daga takardarsa ta farko. Idan batun ma'aikaci ne, kana buƙatar takardar ɗaukarsa aiki, da ƙa'idojin aikin gwamnati da suka shafe shi, da fayil ɗinsa, da duk wata yarjejeniya da aka ƙulla da ƙungiyar ƙwadago. A kowane hali ka nemi littafin bayanan zaman majalisa da littafin da masinja yake karɓar sa hannun waɗanda ya kai wa wasiƙa. Wannan littafi na ƙarshe ba a cika kula da shi ba, amma sau da yawa shi ne yake raba gardama. Ka kuma buɗe naka fayil, na takarda ko na kwamfuta, inda za ka riƙa rubuta wanda ya faɗa maka magana da ranar da ya faɗa.

Idan aka rasa wata takarda, kada ka yi aiki da abin da wani ya ce yana tunawa. Ka nemi kwafi mai hatimi daga ma'aikatar da ke kula da ƙananan hukumomi ko ofishin filaye. In hakan bai samu ba, jami'in da ya san lamarin ya rubuta bayani ya sa hannu, kai kuma ka bayyana a shawararka cewa a kan wannan bayani ka dogara.

Mataki na 1: Ka san wanda kake yi wa aiki

Wanda kake yi wa aiki ita ce hukumar, ba shugabanta ba, ba sakatare ba, ba kansilan da ya kira ka a waya ba. Muddin muradinsu ɗaya ne ba za ka ji bambancin ba, amma ranar da kansiloli suka fara binciken shugaba, ko wani jami'i ya zo yana so ka taimake shi ya kare kansa daga tuhumar hukumar, dole ka gaya masa cikin ladabi cewa ya nemi nasa lauyan, kuma abin da ya faɗa maka ba za ka iya ɓoye wa hukuma ba. Ka faɗi haka tun kafin ya buɗe baki ya yi nisa.

Ka nemi a ba ka buƙatar a rubuce. Idan a baki aka faɗa maka, ka rubuta ta da kanka cikin layi biyu ko uku, ka aika a tabbatar maka cewa haka ake nufi. Sannan ka mayar da ita tambayar da za a iya amsawa. "Muna so mu hana gina gidan mai a unguwar nan" buri ne. Tambayar ita ce ko hukumar tana da ikon ƙin ba da izini, da wane dalili, kuma wa zai yanke shawarar.

Mataki na 2: Ka jera abin da ya faru bisa kwanan wata

Kafin ka buɗe littafin doka, ka ja layi uku a takarda: rana, abin da ya faru, da takardar da ta tabbatar da shi. Duk inda gurbin na uku ya zama fanko, to nan ne raunin hukumar yake. Idan batun fili ne ka je wurin da ƙafarka tare da jami'in tsara gari, ka ɗauki hoto mai kwanan wata, domin abin da fayil ya kira fili sau da yawa za ka tarar an riga an kai ginin linta.

Mataki na 3: Ka nemo sashen da ya ba da iko

Ƙaramar hukuma doka ce ta haife ta, kuma ba ta da ikon da ya wuce wanda doka ta ba ta. A Amurka ana danganta wannan ƙa'ida da alƙali John Dillon na jihar Iowa, wanda ya bayyana ta a 1868: hukumar gari tana da ikon da aka ambata mata ƙarara, da wanda ya zama dole a fahimta daga wancan, da wanda ba za ta iya aikinta ba sai da shi, kuma inda aka yi shakka sai a ɗauka ba ta da shi. Ingila ta faɗaɗa wa nata hukumomin iko a 2011 da dokar da ta ba su damar yin duk abin da mutum zai iya yi, amma ko a can ba su tsallake abin da wata doka ta hana. A Nijeriya ana farawa ne daga sashe na 7 da jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999, inda aka lissafa ayyuka irin su kasuwanni, tashoshin mota, maƙabartu, kwashe shara da sanya wa tituna suna, sannan a koma ga dokar jiha.

Illar wuce hurumi ba ƙarama ba ce. A 1991 kotun ƙolin Ingila ta lokacin ta yanke cewa hukumar Hammersmith da Fulham a Landan ba ta da ikon ƙulla wasu yarjeniyoyin musayar kuɗin ruwa da ta yi da bankuna, kuma hukuncin ya rushe irin waɗannan yarjeniyoyi na wasu hukumomi da dama, aka yi shekaru ana shari'ar mayar da kuɗi. Saboda haka ka rubuta lambar sashen da ka dogara da shi, ka kwafi kalmominsa yadda suke. Idan ka kasa nuna sashe da yatsa, amsarka ita ce babu iko, komai yawan waɗanda suka ce ai haka aka saba yi.

Tambaya ta biyu a nan ita ce wa doka ta ba ikon. In ta ce majalisa, shugaba ba zai yi shi shi kaɗai ba. In ta ce wani kwamiti, sakatare ba zai sa hannu a madadinsa ba sai da takardar wakilci, kuma sai doka ta yarda a wakilta. Wanda aka wakilta ba ya wakilta wani sai an ba shi izinin haka. Ka nemi takardar wakilcin ka gan ta da idonka.

Mataki na 4: Idan batun fili da gini ne

Tun da Kotun Ƙolin Amurka ta amince a 1926, a shari'ar ƙauyen Euclid da kamfanin Ambler, cewa hukuma tana iya keɓe shiyyar gidaje daban da ta masana'antu domin lafiya da amincin jama'a, ba a cika jayayya a kan asalin ikon tsara gari ba. Rigima tana tasowa ne wajen aiki da shi a kan mutum guda. Da farko ka tabbatar filin yana ƙarƙashin hukumar ne. A Nijeriya, alal misali, dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, ta bar wa ƙaramar hukuma ikon ba da shaidar mallaka ta gargajiya a wajen birni, kuma ko a can ba za ta ba mutum ɗaya fiye da hekta 500 na noma ko 5,000 na kiwo ba sai da yardar gwamna. Kotun Ƙolin Nijeriya kuma ta yanke a 2003, a ƙarar da jihar Legas ta shigar, cewa tsara birane hurumin jihohi ne. Wanda bai duba wannan ba zai iya ɓata mako yana rubuta shawara a kan abin da ba na hukumarsa ba.

A ɗauka cewa wani ya nemi izinin gina gidan mai a fulotin da taswira ta keɓe wa gidajen zama. Ka fara da tantance abin da yake nema a haƙiƙa, domin abubuwa uku ne mabambanta: izinin gina abin da shiyyar ta riga ta yarda da shi, ko sassauci a kan wata ƙa'ida kamar tazarar gini daga titi, ko canja amfanin filin gaba ɗaya. Gidan mai a shiyyar gidaje na uku ne, kuma shi ne ya fi buƙatar tsari: a sanar da maƙwabta da jama'a ta hanyar da doka ta faɗa, a ba su wa'adin kawo ƙorafi, a nemi rahoton hukumomin kashe gobara da muhalli da hanyoyi, a saurari mai nema da masu ƙin yarda, sannan a yanke shawara da dalilai a rubuce. Ka ƙirga kwanakin sanarwa da kanka. Inda doka ta ce cikakkun kwanaki, ba a lissafa ranar da aka ba da sanarwa da ranar zaman.

Dalilan su zama na tsara gari: cunkoson motoci, haɗarin gobara, kusanci da makaranta, gurɓata ruwan ƙasa. Ƙabilar mai nema, ko jam'iyyarsa, ko cewa zai kashe wa wani kasuwa, ba dalilai ba ne, kuma idan suka shiga bayanan zama sun isa su rushe shawarar baki ɗaya. Kuskuren da na fi gani shi ne canja wa fuloti ɗaya tak amfani domin mutum ɗaya, ba tare da wani dalili da ya shafi unguwar ba. Irin wannan yana da wuyar karewa, kuma yana buɗe ƙofar da ba a iya rufewa, domin gobe maƙwabcinsa zai nemi a yi masa yadda aka yi wa wancan. Ka kuma tuna da wanda ya kafa sana'arsa bisa ƙa'ida kafin a canja tsarin. A dokoki da yawa yana da damar ci gaba, faɗaɗawa ce ake hana shi.

Rusau shi ne inda nake roƙon kowane sabon lauya ya fi taka-tsantsan, domin kotu tana iya soke takarda amma ba ta iya tayar da gidan da katafila ta bi ta kansa, kuma mutane ne suke kwana a ciki. Shafa jan fenti a bango ba sanarwa ba ce sai doka ta ce haka. A ba da takardar saɓa ƙa'ida, a ba da umarnin dakatar da aiki, a ba mai ginin wa'adin gyarawa ko kawo hujja, a duba ko akwai ƙara a kotu, sannan a yi maganar rushewa. Idan ba a san mai ginin ba, a liƙa takardar a jikin ginin a gaban shaida, a ɗauki hoto, a buga a jarida. Ka kuma raba tsakanin hukunta mai saɓa ƙa'ida da karɓe fili domin amfanin jama'a, domin na biyun yana tafe da diyya.

Mataki na 5: Idan batun ma'aikaci ne

Ka fara da gano irin aikinsa: na dindindin ne da doka ta tsara sharuɗɗansa, ko kwantiragi ne, ko yana cikin lokacin gwaji, ko muƙamin siyasa ne. Hanyar sallama da abin da kotu za ta iya yi sun dogara a kan wannan. A Nijeriya, tun shari'ar Olaniyan da Jami'ar Legas ta 1985 ya tabbata cewa ma'aikacin da doka ta tsara aikinsa, idan aka kore shi ba bisa ƙa'ida ba, kotu tana iya mayar da shi bakin aiki, kuma hakan yana nufin biyan albashin duk shekarun da aka yi ana shari'a. Ka kuma duba wa yake da ikon ladabtar da shi, domin a jihohi da yawa manyan ma'aikata suna ƙarƙashin hukumar kula da ma'aikatan ƙananan hukumomi ne, shugaba ba shi da ikon korarsu.

Tushen komai a nan shi ne a ji ta bakin mutum kafin a yanke masa hukunci. A 1963 aka soke korar shugaban 'yan sandan Brighton a Ingila saboda ba a ba shi damar kare kansa ba, kuma a 1985 Kotun Ƙolin Amurka ta faɗi mafi ƙarancin abin da ake bukata a shari'ar Loudermill: a sanar da ma'aikaci tuhumar, a bayyana masa hujjar, a ba shi damar amsawa. Yarjejeniya ta 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1982, ita ma ta buƙaci ingantaccen dalili kafin sallama.

A aikace, ka duba takardar tuhuma kafin ta fita. "An same ka da rashin gaskiya" ba tuhuma ba ce, hukunci ne. A rubuta cewa a rana kaza ka karɓi harajin kasuwa da rasit mai lamba kaza zuwa kaza, kuma kuɗin bai shiga asusu ba, a ambaci ƙa'idar da ake zargin ya saɓa, a faɗi wa'adin amsa. Ya sa hannu da kwanan wata a littafin masinja. In ya ƙi karɓa, masinja da shaida su rubuta cewa ya ƙi. Wanda ya kawo ƙorafi ko ya yi bincike kada ya zauna a kwamitin da zai yanke hukunci. Idan hukumar ƙarama ce har ba a samun waɗanda ba su da hannu a lamarin, a aro jami'i daga hukumar da ke sama ko daga maƙwabciyar hukuma, in ƙa'ida ta yarda. Hukuncin ya tsaya a kan abin da aka tuhume shi da shi kawai, ya kuma dace da girman laifin. Kada ka yarda a mayar da kwanan watan wata takarda baya domin cike giɓi. In an tsallake mataki, a janye a sake farawa.

Mataki na 6: Ka duba zaman da za a yanke shawara

Kyakkyawar shawara da aka yanke a zaman da bai halatta ba, ba ta da amfani. Ka duba ko wanda ya kira zaman yana da ikon kira, ko sanarwa ta isa ga kowane kansila a kan lokaci har da 'yan adawa, ko batun yana cikin ajanda, da ko adadin kansilolin da ake buƙata a zauren ya cika a lokacin ƙuri'a, ba a lokacin buɗe taro kawai ba. Adadin ya bambanta. Dokar Ingila ta 1972 ta sa kashi ɗaya cikin huɗu na kansiloli ga majalisun gundumomi, wasu wurare kuma sun fi haka.

Kansilan da yake da wata maslaha a batun, ko ta kansa ko ta iyalinsa ko ta abokin kasuwancinsa, ya bayyana ta, ya fita daga zauren, a rubuta lokacin fitarsa da na dawowarsa. Ma'aunin da kotun Ingila ta kafa a 2001 a shari'ar Porter da Magill yana da amfani ko'ina: shin mai adalci da ya san yadda lamarin yake zai ga akwai yiwuwar son kai? Idan za a shiga zaman sirri, a ambaci sashen da ya ba da dama, a tsaya a kan batun da aka shiga dominsa. Ka rubuta wa sakatare kalmomin ƙudurin tun kafin zama, da wanda za a yi amfani da shi in an amince da wanda za a yi amfani da shi in an ƙi.

Mataki na 7: Ka rubuta shawarar

Masu karanta ta galibi ba lauyoyi ba ne, kuma shafin farko ne kaɗai wasu za su karanta. Ka sa tambaya da amsa a sama, cikin sakin layi ɗaya. Sai bayanan da ka dogara da su da waɗanda ba ka samu ba, sai doka, sai zaɓin da hukumar take da shi da haɗarin kowanne, sai jerin abin da za a yi da wanda zai yi da ranar da zai yi. Ka raba abin da doka ta hana da abin da kai kake ganin bai dace ba, domin na biyun hurumin zaɓaɓɓu ne. Inda doka ba ta fito fili ba ka faɗi haka, ka nuna ɓangaren da ya fi ƙarfi da dalilinka. Idan amsar a'a ce, ka nemo halattacciyar hanyar da za ta kai hukumar kusa da abin da take so, ko da za ta ɗauki ƙarin wata biyu. Ka sa hannu da kwanan wata, ka rubuta cewa sirri ce, ka taƙaita waɗanda za su sami kwafi, domin yaɗa ta yana iya zubar da kariyar sirrin da ke tsakanin lauya da wanda yake yi wa aiki.

Mataki na 8: Idan an ƙi bin shawarar

Hukuma tana da 'yancin zaɓar hanya mai haɗari muddin halattacciya ce, kuma aikinka ne ka taimaka a bi ta da kyau. Amma idan abin da ake shirin yi ya saɓa doka, ka sake rubutawa a taƙaice, ka aika wa shugaba da sakatare, in ya kama ka kai wa majalisa, kuma kada ka tsara takardar da za a aiwatar da shi. Ka yi wannan ba tare da tayar da murya ba, kuma ba a gaban jama'a ba. Inda ƙa'idojin aikin lauya suka tilasta maka janyewa ko kai rahoto, ka bi su.

Mataki na 9: Bayan an yanke shawara

A rubuta wa wanda abin ya shafa, da dalilai, da inda zai ɗaukaka ƙara, da wa'adin yin haka. Ka karanta bayanan zaman kafin a amince da su, ka tabbatar abin da aka rubuta shi ne abin da aka ƙudurta. Ka sa wa'adin shigar da ƙara a kalandarka: a Ingila mako shida ne ga shawarar tsara gari, wata uku ga yawancin sauran matakai, kuma wasu dokoki suna buƙatar a ba hukuma sanarwa kafin a kai ta kotu. Ka kuma san kotun da za a je. A Nijeriya rigimar aiki ta kotun ma'aikata ta ƙasa ce tun gyaran tsarin mulki na 2010. Da zarar takardar barazanar ƙara ta iso, ka ba da umarni a rubuce cewa kada a cire ko a ƙara komai a fayil, har da saƙonnin waya da na imel, ka sa wa kowane shafi lamba, ka ajiye cikakken kwafi a wurin da ba ofishin da ake ƙara ba.